Shelar da Na Sa Maroƙi Ya Yi

A shekarar da tumatir ya yi kwantai har muka riƙa zubar da shi a gefen titi shanu suna ci, a shekarar na yanke cewa ni da noman rani mun raba gari. Ba zama na yi na yi dogon tunani ba. Ina tsaye ne a kasuwar tumatir ta bakin hanya, kwandunana sun fara tsiyayar ruwa, dillalai suna wuce ni kamar ba su taɓa ganina ba, sai zuciyata ta ce, kai, ya isa haka. Ni mutum ne mai saurin hawa, kuma in na hau bakina ba ya jiran shawarar kowa.

Gonar ta gado ce, tana jikin wani reshen kanal na ban ruwa tsakanin Kura da Bunkure. Tun ina ƙarami nake cikinta. Na san sanyin ruwan da ke tsaga ƙafa da safe, na san cizon sauronta, na san ranar da ruwa ke zama namu da ranar da yake komawa hannun maƙwabta. Ban taɓa ƙin ta ba sai a wannan shekarar.

Ina da aboki da muka yi sakandare tare, yana aiki a wani kamfanin robobi a wajen Kumbotso. Da ya zo gida hutun sallah na zazzage masa cikina. Ya ce ya ji kamar ana neman mai kula da sito a wajensu, zai yi mini magana. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, zai yi magana. Ni kuwa kunnena ya ji an riga an ɗauke ni. Damina ta wuce ina ta juya abin a raina har ya zama gaskiya a wurina.

Ana gab da dashen tumatir matar yayana ta haihu. Ranar suna da safe maza suka cika ƙofar gidanmu a kan tabarmi, ana raba goro da dabino. Maroƙin garinmu yana nan, dogon tsoho mai muryar da ake jiyowa daga tsallaken kanal. A wajenmu shi ke shelanta sunan jariri bayan liman ya raɗa, shi ke faɗar wanda ya zo da wanda ya yi alheri, kuma abin da ya fita daga bakinsa a gaban taro ya zama na gari. Na san haka sarai. Duk da haka na ja shi gefe, na cusa masa ɗan abu a aljihu, na ce in ya gama da jariri ya sanar da jama'a cewa na bar noma, zan koma birni aiki.

Ya gyara murya ya ce, “Jama'a a saurara. Ƙanin uban jariri ya ce a gaya muku ya ajiye fartanya. Ya bar laka, ya bar sauro. Birni ya kira shi, an ba shi manaja a kamfani.”

Ni ban ce manaja ba. Amma da na ga kawuna sun juyo gare ni, na ji ana ta Allah ya sanya alheri, sai na sunkuyar da kai ina murmushi kamar mai kunya, na bar maganar a yadda ya faɗe ta. Daɗin da na ji a lokacin har yanzu in na tuna shi sai na ji kamar in shige ƙasa.

Kuma ban tsaya nan ba. A kan tabarmar na juya ga kawuna, ƙanin Innarmu, wanda gonarsa ke kusa da tawa, na ce na ba shi aron gonata, dattawa su shaida. Kowa ya san ƙa'idar aro: da zarar mai aro ya yi dashe, mai gona ba shi da ta cewa sai an kwashe amfani. Kawu ya dube ni ya ɗan jima, sannan ya ce to, ya karɓa. Da yamma na fito da shebur ɗina da fartanya da dogon takalmin roba da nake shiga ruwa da shi, na zube su a ƙofar gida na ce duk mai so ya ɗauka, ni da su har abada. Maƙwabta suka ɗiba suna godiya. Inna tana daga cikin gida ta ji komai. Da na shiga ina jiran ta yi kuka ko ta yi faɗa, sai ta ce Allah ya sa a dace, ta tambaye ni ko na ci wainar suna.

Labarin birni ba shi da tsawo. Abokina ya gan ni da jaka a ƙofar ɗakinsa, fuskarsa ta nuna mini komai kafin ya buɗe baki. Ya ce ai cewa ya yi zai yi magana, kuma ya yi, an ce babu gurbi. Ya yi mini karamci, ya ba ni gefen katifa. Kullum da safe in sa shaddata in bi shi har bakin get ɗin kamfanin in tsaya tare da masu neman aikin yini, wata rana a ɗauke ni lodi, wata rana a ce mu tafi. In na bi ta kasuwa na ga kwandunan tumatir sai in kau da kai, don ina iya gane na wajenmu daga nesa. Ban cika wata biyu ba abokina ya fara yi mini zancen aurensa da ya matso, da fentin da za a yi wa ɗakin. Na gane, na haɗa jakata.

A hanyar dawowa na yi wata dabara da nake ganin ta masu wayo ce. Na ce ba zan sauka a tasha ba, kada 'yan majalisar hira ta bakin tasha su gan ni. Na sauka tun kafin gari, na bi gefen kanal da nufin in shiga gida ta baya. Da hantsi ne, tsakiyar rani. Ni da aka haifa a nan na manta cewa a wannan lokacin babu kowa a cikin gari sai tsofaffi da awaki, mutanen duk suna bakin kanal. Haka na ratsa su gona bayan gona, da shadda da takalmi sau-ciki da jaka a kafaɗa, kowa ya ɗago daga cikin fangalin shukarsa ya ce, manaja, an zo ganin gida? Ni kuma ina cewa e, an ɗan ba mu hutu. Da na zo daidai gonata ban kalle ta ba, na ƙara sauri.

Hutu ya yi ta tsawo. Ina ɗaki, ba na fita sai sallah, in na fita kuma sai na sa shaddar nan da ta fara ƙoɗewa. Abin da ke cina shi ne ban san yadda ake janye shela ba. Da a kunnen mutum ɗaya na faɗa, da na je na ce masa abin bai yiwu ba. Amma maroƙi ne ya faɗa, a gaban liman da dattawa, kuma gonar da zan fake da ita na bayar da bakina. Ranar Juma'a maroƙin ya hango ni a harabar masallaci, ya taho yana manaja ya sauka, birni ta karɓi baƙo. Maimakon in ja shi gefe in gaya masa gaskiya, sai na sake laluba aljihu na ba shi abin da ya rage mini. Na koma gida ina jin haushin kaina, na huce a kan wata akuya da ta shigo mini ɗaki. Inna kuwa ba ta taɓa tambayata yaushe hutun zai ƙare ba, sai dai ta turo mini tuwo.

Wata safiya bayan an fito masallaci kawu ya yi sallama a zaure. Ya ce yau ruwa namu ne, bayansa kuma ya riƙe, in ba damuwa in zo in kama masa ban ruwa tunda ina hutu. Na ji sanyi a raina da ya ce hutu. Na ce da na zo, Kawu, sai dai ba ni da kayan shiga ruwa, na rabar.

Inna tana jin mu. Ta shiga ɗakinta, na ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado, ta fito da buhu ta ajiye a gabana. Shebur ɗina ne da fartanyata da takalmin roba, har da ɗaurin tsumman da na yi wa ƙotar shebur ɗin. Na tambaye ta yaushe ta karɓo su.

Ta ce, “Washegarin tafiyarka.”

Na ce, “Ba wanda ya tambaye ki dalili?”

Ta ce, “Shebur ɗin kaɗai na je karɓa. Sauran kuwa maƙwabta da kansu suka aiko da su.”

Na cire shadda na sa tsohuwar rigata, na bi bayan kawu. Ya yi ta tafiya a gabana da sauri, babu alamar ciwon baya. Waɗanda muka wuce suka ce sannu da fitowa, yaya sanyi, kamar jiya muka rabu a bakin ruwa. Babu wanda ya ce manaja.

A gonar na ga abin da na ƙi kallo ranar da na dawo. A fangalin sama tumatir ya riga ya fara ja. Na ƙasa kuwa, kusan rabin gonar, yanzu suke fure, kore shar. Na ce, Kawu, waɗannan ai an makara da dashensu.

Ya ce, “Naka ne. Na jinkirta su don kada su nuna ba ka dawo ba.”

Na tambaye shi wa ya gaya masa zan dawo. Ya ce wa zai gaya masa, ai tun ina rarrafe ya san fushina ba ya kai girbi.

Na tsaya riƙe da shebur. Duk kwanakin da na yi a ɗaki tsoron dariyar mutane nake yi, na shirya amsoshi iri-iri da zan ba wanda ya yi mini ba'a. Ashe babu mai niyyar yi. Ranar suna sun ce amin, sun karɓi kayana, sun shaida aron gona, kuma babu ko ɗaya a kan tabarmar da ya yarda zan tafi. Asirin da nake ɓoyewa da shadda, gari ya san shi tun kafin in hau mota. Da sun yi mini dariya da na samu wanda zan yi fushi da shi, amma ba su bar mini ko wannan ba.

Na ce da kawu, murya ƙasa-ƙasa, ya kamata dai in sanar da mutane cewa na dawo ke nan.

Ya ce, “Fasa kunyar can ruwa ya shiga. Wannan karon ba sai ka kira maroƙi ba.”

Na shiga, sanyin ruwan ya ratsa takalmin har ƙashi. Na sa shebur na fasa, ruwa ya bi fangali. Maƙwabcina na ƙasa ya ɗago kai ya ce in yi sauri, in na gama shi ne a layi.