Daren Da Na Bi Ɗana Yawon Mashaya

Saura kwana tara a hau Arfa wani abokin aikina, mutumin Maraɗi, ya same ni a tashar Kudai da ke Makka ina wanke gilashin bas ɗina. Bai yi mini doguwar gaisuwar da ya saba ba. Ya ja ni bayan motar inda inuwa take, ya miƙo mini wayarsa.

"Ɗiyata ce ta turo mini," in ji shi. "Na daɗe ina shawara da raina, in nuna maka ko in bari. Duba dai, wataƙila kama ce."

Ba kama ba ce. Ɗana ne na fari, wanda aka haifa mana a unguwar Misfala, a ɗaki ɗaya da muke haya lokacin. Yana tsaye cikin riga ruwan ɗorawa, ya ɗaga wata 'yar tuta a kan sanda, Turawa maza da mata sun kewaye shi, kowa da kofi a hannu, matan kusan babu sutura a jikinsu. Akwai rubutun Turanci a ƙasan hoton. Ni ban iya Turanci ba, sai na sa wani makanike ɗan Pakistan ya karanta mana da Larabci. Ya ce talla ce: mashaya biyar a dare ɗaya, da jagora mai kai mutane ya dawo da su.

Shekara biyu kenan lokacin da tura yaron karatun injiniya a tsibirin Kubrus, a wani gari na bakin teku. Ɗan baƙo, ko a Makka aka haife shi, shiga jami'a a nan ba ta zo masa da sauƙi. Duk Juma'a yakan kira mu. Da hutu ya zo ya ce ba zai dawo ba, ya samu aiki da masu kai baƙi yawon buɗe ido. Ni har na sa masa albarka.

Ban kira shi ba. Na san in na ji muryarsa zan faɗi abin da ba zai gogu ba. Ban kuma gaya wa uwarsa ba. Haka na shiga aikin Hajji da abin a ƙirjina. Daren Muzdalifa ina zaune a bayan sitiyari, motoci sun cushe ba gaba ba baya, alhazai suna talbiyya a bayana, ni kuwa ƙanena nake tunawa. Giya ce ta kashe shi a Kano tun ina saurayi. Ni na ɗauko shi daga bakin kwata sau biyu, na uku kuwa ba ni na ɗauko shi ba, kirana aka yi asibiti.

Da alhazai suka fara tafiya na nemi hutuna a kamfani, aka buga mini bizar fita da dawowa. Sai da tikiti ya zo hannuna na zaunar da mai ɗakina na ce zan je in ga yaron.

"Saboda hoton?" ta ce.

"Ke ma kin gani?" na ce.

"Na riga ka gani da sati biyu," ta ce. "Matan gidan nan duk sun gani. Na yi shiru ne don kana da tuƙin Hajji a gabanka, kada hankalinka ya rabu da rayukan mutane a motarka." Ta share ido da bakin mayafinta. "Abu ɗaya na roƙe ka, Malam. Ko me ka tarar, kada ka yi masa baki."

Ban sanar da shi zuwana ba. Na sauka bayan la'asar, na nuna wa mai tasi adireshin da yaron ya taɓa turo mana. Wani ɗalibi ɗan Sudan da suke ɗaki ɗaya ya buɗe mini ƙofa. Da ya ji ko ni wane ne sai ya daburce, ya ce ɗana ya tafi aiki, a bakin tashar jiragen ruwa suke taruwa bayan magariba. Na ajiye jakata, na yi sallah, na ce ya raka ni.

Tun daga nesa na hango tutar. Yana ɗaura wa mutane wani zare na roba a wuyan hannu, yana duba sunayensu a takarda. Na tsaya a gabansa cikin farar jallabiyata da hula. Ya ɗago don ya ɗaura mini zaren, sai hannunsa ya tsaya.

"Abuya," ya ce. Haka yake kirana tun yana ƙarami, Larabci ya fi zama a bakinsa da Hausa.

Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni a gaban Turawan nan, suna kallo suna murmushi, sun zaci wani ɓangare ne na wasan. Ya ce bari ya kira wani ya karɓe shi mu tafi gida.

"A'a," na ce. "Yi aikinka. Zan bi ku."

"Abuya, wurin ba naka ba ne."

"Naka ne?"

Ya ɗauki tutarsa ya shiga gaba, mutum goma sha bakwai suka bi shi, ni ina can baya.

Ban shiga ko ɗaya daga cikin mashayan ba. A ta farko na zauna kan wani ɗan gini na siminti a ƙetaren titi, inda nake iya hango ciki. Kiɗa yana dukan ƙirjina ko daga nan. Na ga ya shiga ya yi magana da mai sayarwa, aka jera wa mutanensa ƙananan kofuna, shi kuma ya dawo bakin ƙofa ya tsaya da gorar ruwa a hannu. Na ce a raina, don ya san ina nan ne. Da lokacin tashi ya yi ya busa usur, suka fito, ya ƙirga su yana taɓa kafaɗar mazan yana nuna matan da yatsa. Sau biyu ya ƙirga, kamar yadda nake yi kafin in ta da mota.

A ta biyu mai tsaron ƙofa, wani ƙaton mutumin Sham, ya ga na daɗe a tsaye sai ya fito mini da kujera. Na yi masa godiya da Larabci, fuskarsa ta saki. Ya aika aka kawo mini shayi daga wani shago, ya tambaye ni me ya kawo dattijo irina layin nan.

"Mai tutar ɗana ne."

"Liman ɗanka ne?" Ya yi dariya. "Haka muke kiransa. Wata uku yana zuwa nan, ko lemo ba ya sha a kofinmu, sai a gorarsa. Yanzu ma ba ka gan shi ba? Yana ɗakin ajiya a baya, ya shimfiɗa kwali yana isha'i. Kullum a nan yake yinta, ni nake duba masa mutanensa."

Na duba, lallai ba ya bakin ƙofa. Mutumin nan bai san zan zo ba, ba shi da dalilin yi mini ƙarya.

Daga ta uku mutanen suka fara canzawa. Waɗanda suka fara tafiya a nutse yanzu suna waƙa suna tangaɗi. Wata ta cire takalmanta ta riƙe a hannu. Wani ya rungume ɗana yana tura masa kofi a baki, ya kau da kai yana dariya, ya karɓi kofin ya ajiye a kan tebur, ya ba mutumin ruwa. Na ga ya saba da hakan, kuma sabon nan bai yi mini daɗi ba.

Da suka fito daga ta huɗu ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sai na ga fuskarsa ta canza. Goma sha shida. Ya koma ciki da gudu, ya duba banɗaki, ya fito. Ya damƙa sauran a hannun mai tsaron ƙofar wurin, ya nufo ni.

"Abuya, mutum ɗaya ya ɓace. Wani babba, mai jar riga, mai sanƙo. Ka gan shi?"

Na gan shi. Ni da ba abin da nake yi sai kallo, na ga lokacin da ya zame ta gefe ya gangara wajen ruwa, na ɗauka fitsari ya je yi. Na nuna masa wajen, muka bi tare.

Akwai matakala ta dutse da ke sauka har cikin teku inda ake ɗaure ƙananan jirage. A nan muka same shi, a ta ƙarshe, kwance rigingine, ƙafafunsa cikin ruwa, yana kakarin amai ya kasa juyawa. Ɗana ya kama kafaɗunsa, ni na kama ƙugunsa, muka mirgina shi gefe. Na sa yatsa na buɗe bakinsa, na tallafe kansa a cinyata har ya amayar da abin da ke cikinsa, a kan jallabiyata. Hannuna bai manta yadda ake yi ba. Mutumin zai kai sa'ana. Da ya buɗe ido ya kama hannuna ya riƙe gam yana ta magana cikin kuka.

"Me yake cewa?"

"Wai matarsa ta rasu bara. A garin nan suka saba zuwa hutu."

Muka ɗaga shi da ƙyar. Ɗana ya kira motar kamfaninsu ta kai shi otal, ya sa direban ya yi alkawarin ba zai bar shi ba sai ya damƙa shi ga ma'aikata. Sannan ya koma ya kai sauran mashaya ta biyar, ya jira, ya raka kowa masaukinsa. Ni na wanke jallabiyata a wani famfo na zauna jiransa.

Da ya gama ya zo ya tsaya a gabana, kansa a ƙasa.

"Matso," na ce. "Hura mini."

Ya gane. Ya sunkuyo ya hura mini numfashinsa a fuska kamar yaro ɗan shekara biyar da ake zargi da satar alewa. Ba komai sai warin yunwa. Na sani tun daga shayin mutumin Sham, amma sai da hancina ya gaya mini sannan hankalina ya kwanta. Ya zauna kusa da ni yana share hawaye da rigar aikin.

"Wallahi Abuya ban taɓa ɗanɗanawa ba."

"Na yarda. Amma kai kake kai su. Mutumin nan da ya kusa mutuwa a ruwa, tutarka ya biyo."

"Na sani," ya ce. "Kullum ina tunanin haka. Na nemi aikin rana ba su da gurbi, suka ce na dare suke so, don wanda ba ya sha ba ya ɓatar musu da mutane. Ban so in ƙara maka nauyi ba. Na ce wata huɗu ne, ba wanda zai sani."

"Uwarka ta sani. Duk gidanmu an sani."

Wannan ya fi duk abin da na faɗa shigarsa.

Washegari muka je wurin mai kamfanin, wata tsohuwa gajera mai shan taba ba ƙaƙƙautawa. Yaron yana fassara. Ta ji labarin mutumin matakala tun da safe, ta tashi ta gaishe ni da hannu a ƙirji. Na ce mata ɗana ba zai ƙara aikin dare ba. Ta ce ba ta so ta rasa shi. Tana da jirgin ruwa mai zagaya gaɓa da rana, yanzu iyalai Larabawa sun fara yawa a ciki, ba ta da mai jin yarensu, za ta mai da shi can. Amma sai ya ƙara mata dare huɗu kafin ta sami wanda zai maye gurbinsa, don an riga an yi wa mutane alkawari.

Na so in ce ko dare ɗaya ban yarda ba. Na dubi yaron, na ga shi ma alkawarin ne ya ɗaure shi. Na amince. Har yau ban tabbata na yi daidai ba, na dai nemi gafarar Allah a kai. Duk dararen huɗun na bi su, kujerata tana jirana a ƙofar mutumin Sham.

Da na kira uwarsa na gaya mata komai, na ji tana hamdala a hankali. Sannan ta ce, "Ya rame?" Na ce ya ɗan rame. Ta ce in ba shi wayar, na fita na bar su.

Kwana ɗaya kafin in dawo ya sa ni na shiga jirgin ruwan. Duk shekarun da na yi a Makka, ga Jidda kusa, ban taɓa hawa teku ba. Na zauna a tsakiya na riƙe ƙarfe. Shi yana gaba da lasifika yana yi wa wasu iyali daga Kuwait bayanin wata tsohuwar ganuwa da ke bakin gaɓa. Kakarsu ta katse shi ta tambaya ina ya samo Larabcin Hijaz haka, baƙin yaro a Kubrus.

"A Makka aka haife ni, Hajiya," ya ce. "Ga babana can."

Suka juyo duka suna gaishe ni. Na saki ƙarfen da hannu ɗaya na amsa.