Yatsun da Soda Ta Cinye

Shekara talatin da ɗaya Mai Sabulu ta yi tana juya muciya a baho, cikin ɗan ɗakin langa-langa da ke bayan gidanta. Aikin kowa ya san shi: a jiƙa soda, a zuba mai, a yi ta juyawa gefe guda har ya kama. Gwanintar tana hannu. Takan lakato haɗin da yatsa ta murza, ta ce "da saura" ko "ya yi". In ka yi mata zancen safar hannu sai ta yi dariya, wai yatsa a cikin roba makaho ne. Da wannan baho ta raini 'yarta tilo har ta gama makaranta, kuma ko sau ɗaya ba ta bar ta ta taɓa muciyar ba.

Ana nan sai wani marar imani ya watsa wa mutum ruwan batir a fuska, a unguwar da Mai Sabulu ba ta taɓa takawa ba. Gari ya ɗauka, aka yi doka: soda da duk abin da ke cin fata, ba a sayar wa kowa sai mai lasisi. Ni ma na yaba dokar, ba zan ɓoye ba. Sai dai wake ɗaya shi ke ɓata gari.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji mai shagon da take sayen soda. "Ba takarda, ba kaya. Rufe ni za su yi."

Ta tafi ofishin lasisi, ta bi layi, aka cike mata fom, aka ɗauke ta hoto.

"Mama, ɗora babban yatsa a nan," in ji ma'aikaciyar.

Na'ura ta nuna ja. Suka gwada goman kaf, har da goge su da gefen mayafi. Ja dai.

"Mama, ai ba ki da zanen yatsa. Sumul suke kamar bayan cokali."

"'Yar nan, ba ga ni a gabanki ba?"

"Ni na gan ki. Na'ura ce ba ta gan ki ba. Kawo takardar likita."

Likita ya rubuta gaskiya: soda ce ta cinye fatar, kuma ba za ta dawo ba. Shugaban ofis ya karanta, ya ce ai wannan shaida ce ba ta kiyaye ƙa'idar aiki da kaya masu haɗari, irin su kuwa doka ta hana a ba su lasisi. Wato da ƙafarta ta je ta ɗauko takardar da ta kashe ta. Abin nan har yau yana ƙona mini rai.

Da ta dawo gida, 'yar ta ce, "Inna, bari ni in dangwala, a ba mu da sunana."

"Mai lasisi shi zai haɗa da hannunsa. 'Yan ofis suna zuwa dubawa."

"To sai in koya."

Mai Sabulu ta kamo hannun 'yar, ta juya shi wajen haske. Zane raɗau a kan kowane yatsa. Ta daɗe tana kallo, kafin ta naɗe mata yatsun ta mayar mata.

"Shekara ashirin da biyar ina gadin wannan. Bar shi inda yake."

Washegari ta wanke bahon ta kife shi. Da sabulun gidan ya ƙare, ta je shago ta sayo guda. Tun a hanya ta ɓare takardar, ta murza da yatsa yadda ta saba. Ba ta ji komai ba, sai santsi.