Ba-Komai, Direban Motar Gawa

Ƙanina ne, autan ɗakinmu. Ni na goye shi, ni na yi masa wanka har ya fara jin kunyata, don haka ba wanda zai faɗa mini halinsa. Ba mugu ba ne. Bakinsa ne kawai bai iya cewa a'a ba. Tun yana ƙarami in ka ce ya ba ka abincinsa, sai ya ce ba komai, ya tura maka kwanon, ya zaga bayan ɗaki ya yi kuka. Sunan ya bi shi har ya yi furfura. Matarsa ma Ba-Komai take kiransa in ranta ya ɓaci. Ni dai Auta nake ce masa.

Bai yi nisa a makaranta ba. Ya yi yaron mota, ya ja tasi, ya ja motar gidan burodi. Garin da muke zaune cike yake da mutanen tsallaken iyaka waɗanda aiki ya kawo, mijina ma cikinsu yake. Irin waɗannan mutane suna iya shekara arba'in a wuri, amma in sun mutu sai dangi su ce gida za a kai su. Da ƙungiyarsu ta haɗa hannu ta sayi farar mota don kai gawa, duk direban da aka tuntuɓa sai ya kawo uzuri. Aka zo wurin Auta. Ba sai na faɗi amsar da ya bayar ba.

Ya iya aikin, wannan ba zan hana shi ba. Da kansa yake wanke motar ciki da waje. Ba ya kunna rediyo, ba ya cin komai in yana tuƙi, in ya zo rami sai ya lallaɓa kamar mai ɗauke da ƙwai. A bayan motar akwai dakalin katako da ake zura akwatin gawa a kai, da benci a gefe inda dangi ke zama. Ƙarƙashin dakalin wurin ajiye taya ne da jak. 'Yan kwastan na bakin iyaka sun san shi. In sun hango farar motar sai su ɗaga shinge, wani ma ya cire hula. Ba mai son leƙa motar gawa.

A shekarun nan aka yi wata cutar dabbobi, aka hana ƙetarewa da nama, da kifi, da ƙwai, da madara. Wata maƙwabciyarsa mai sayar da busasshen kifi ta lura cewa mota ɗaya ce ba a bincikawa. Ta same shi da maganar. Daga baya na ji duk wannan. A lokacin ni dai na san ƙanina mutum ne da ake ambata da mutunci, har nakan yi taƙama da shi a cikin dangin mijina.

Yayan mijina shi ne Hedimasta. Ya daɗe da yin ritaya amma sunan bai sake shi ba. Ban taɓa ganin namiji mai tsabtarsa ba. Hankicinsa ma a goge yake, kuma in ya wuce ta soro sai ƙamshin turarensa ya daɗe bai bar wurin ba. Matarsa, Uwar Biyu, takan ce ta auri mutumin da ya fi ta wanka. Ita kuwa har na yi jikoki Amarya take kirana.

Hedimasta ya rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya. Washegari da safe aka ce a nemi mota. Na ce wace irin nema, ga Auta? Na kira shi a waya. Ya yi shiru, har na ɗauka layin ne ya yanke.

"Kana jina?"

"Ina jin ki, Yaya."

"To ka zo ƙofar ɗakin ajiye gawa yanzu, mutane na jira."

"Ba komai," in ji shi.

Ashe ya riga ya yi lodi, yana shirin wata tafiyar. Da ya ce mini a ba shi sa'a guda, da ya sauke kayan ba wanda ya sani. Bai iya ba. Ya zo kai tsaye.

Ma'aikatan asibiti suka rufe akwatin, suka liƙe shi, aka zura shi kan dakali. Ni da Uwar Biyu muka zauna a benci, mijina ya shiga gaba. Shi da Auta abokan wasa ne, ko a ranar bai fasa ba.

"Ƙanin mata, yau ka ɗauko wanda zai duba maka farce. Ka yi tuƙin mutane."

"Maigida, ai ko yana raye tsoronsa nake ji," in ji Auta. Muryarsa ba ta fita sosai, na ɗauka alhini ne.

Da rana ta ɗaga, motar ta ɗumama, sai wari ya fara tasowa. Da farko kaɗan-kaɗan, kamar daga waje. Na buɗe taga. Bai tafi ba. Na saci kallon Uwar Biyu, na ga ta kai gefen mayafinta fuska kamar mai share hawaye, amma ba ta sauke shi daga hanci ba. Tun da muka tashi hannunta na kan akwatin. Yanzu ta janye shi, ta juya fuskarta wajen taga.

Can ta matso kusa da kunnena.

"Amarya, jiya-jiya fa ya rasu."

"Zafi ne, Uwar Biyu."

"Mutumin da ko zufa ba ya bari ta kwana a jikinsa."

Ni ma numfashi nake ta baki. Muka yi ta tafiya a haka, kowa na jin abin, kowa na yi wa mamaci kara.

Mun isa iyaka da azahar. Wuri ne mai rufin kwano da dogon layin motoci, ga allo da aka zana saniya da kifi da kaza, an ja wa kowanne jan layi. Gefen shinge akwai manyan durom da ake zuba abin da aka ƙwace, ƙudaje sun yi musu baƙi. Wasu matafiya sun tsaya a rana suna cusa dafaffen ƙwai a baki don kada a zubar, wata tsohuwa na rantsuwa cewa madarar jikarta ce. Auta ya bi gefen layi kamar yadda ya saba. Ofisan da ke bakin shinge ya gane shi, har ya kai hannu zai ɗaga.

Sai mijina ya leƙo ta taga, ya rage murya.

"Ofisa, don Allah a taimaka mana da sauri. Gawar ta fara canzawa."

Ofisan ya sauke hannu. "Wari take yi, Baba?"

"Kaɗan."

"To ai ba zan iya barinku ku wuce ba. In akwati na fitar da wari, bai rufu ba ke nan, sai ma'aikaciyar lafiya ta duba. Ku yi haƙuri, ku koma gefe."

Na ga ƙeyar Auta ta jiƙe sharkaf. Ya ce, "Ofisa, ai ka san ni." Ofisan ya ce ya san shi, amma doka ce.

Ma'aikaciyar ta zo da safar hannu da ƙyallen rufe hanci, ta yi mana ta'aziyya, ta roƙe mu mu sauko. Ta bi bakin akwatin da yatsa daga kai har ƙafa. Ta cire ƙyallen, ta sunkuya, ta shinshina.

"Wannan akwatin lafiyarsa ƙalau, Mama. Ba daga nan ba ne." Ta ƙwanƙwasa katakon dakalin. "Direba, me ke ƙarƙashin nan?"

"Taya ce."

"Buɗe mu ga tayar."

Ba taya a ciki. Buhuna ne na busasshen kifi, an danna su har ba wurin sa hannu, zafin inji ya sa sun yi gumi, mai na tsattsafowa ta jikin buhun. Aka yi ta jawo su ana jibgewa a ƙasa, a gaban layin motoci, ga akwatin Hedimasta a sama. Mutane suka bar ƙwansu suka zo kallo. Wani direban babbar mota ya fara dariya, ya hango akwatin, ya haɗiye ta.

Uwar Biyu ta daɗe tana kallon buhunan. Sannan ta ce, "Ashe ba shi ba ne." Ta hau motar, ta mayar da hannunta kan akwatin.

Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni na kira shi. Ni na ce wace irin nema.

Babban ofisa ya fito ya ce motar da aka kama da haramtaccen kaya ba ta motsawa, direbanta ma haka. Mijina ya roƙa, ya ce ana jiran gawa a gida, an riga an haƙa kabari. Ofisan ya ce mamaci ba shi da laifi, yana iya wucewa, amma ba a wannan motar ba. Motocin haya kuwa suna can ɗaya gefen, bayan shinge na biyu.

Da hannu aka ɗauke shi. Direbobi da fasinjojin da ba su san shi ba suka zo suka kama. Auta ya matso, ya sa hannu a gefe ɗaya.

"Cire hannunka," in ji mijina. Bai ɗaga murya ba.

"Maigida, bari in..."

"Hannunka ƙarni yake yi."

Ya cire. Muka bar shi tsaye a tsakiyar buhuna, muka bi akwatin a ƙafa cikin rana. A can muka samu wata a-kori-kura da ta sauke siminti. A bayanta Hedimasta ya isa gida, ƙura ta yi wa akwatin fari, Uwar Biyu na zaune a gefensa ta ƙi shiga gaba.

An tsare Auta kwanaki, ƙungiya ta karɓo motarta da ƙyar, ta karɓe makulli. Da aka sake shi ya hau motar haya ya zo gaisuwa. Ya zauna a bakin tabarma a waje, ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya matsa masa wuri. Uwar Biyu ta aiko a shigo da shi. Ina ɗakin. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ka ci abinci?" ta tambaye shi.

"Na ci."

"Ƙarya kake, amma ba wannan na kira ka ba. Kifinka bai dame ni ba, kowa da abin da yake ci da shi. Tun ina yarinya nake tare da mutumin nan, ban taɓa kawar da fuskata daga gare shi ba. Ranar da zan raka shi ta ƙarshe, na toshe hanci, na juya masa baya, ina jin ƙyamarsa a raina. Kai ka sa ni. Shi ke nan abin da zan faɗa maka. Tashi ka je."

Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ta juya ta ci gaba da magana da wata baƙuwa.

Bai sake tuƙi ba, ko da yake ba wanda ya hana shi. Mijina ya ci gaba da amsa gaisuwarsa har ya rasu, gaisuwa kawai. Da za a kai mijin nawa gida, wani direban aka kira, ni da kaina na ce a duba ƙarƙashin dakali kafin a ɗora shi.

Auta yana nan da ransa. Facin taya yake yi a wata rumfa kusa da tasha, ya tsufa, bayansa ya ranƙwafa. Nakan aika masa da abinci in na tuna. In farar motar ta zo shan iska a taya, yakan ce wa maƙwabcin rumfarsa ya duba ta, shi kuma ya shige ciki har sai ta tafi.