Kwanon da Na Ware wa Jikana

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ara mini kunnuwanku. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne, jikanyata tana rubutawa.

A lokacin ni mai sayar da soyayyar gyaɗa ce a unguwar Lamisula, ina riƙon jikana maraya. Mutanen daji masu bindiga suka ɗauke shi yana yaro. Bayan shekaru ya gudo, hukuma ta tsare shi, ta koya masa kafinta, ta maido mini da shi. Wata malamar jami'a ta biyo shi har tabarmata. Ta ce masu nazarin laifi sun lura ba tsoron bindiga ke riƙe matashi daga komawa laifi ba, mutanen da yake jin kunyarsu ne, waɗanda yake ci da su, yake aiki da su. Ta ce kuma sunan da aka dage ana kiran mutum da shi, wata rana sai ya amsa. Na ce to, a raina ina cewa surutun 'yan boko ne.

A gidanmu maza tire ɗaya suke ci a ƙofar gida. Ranar da yaron ya miƙa hannu, kawunsa ya tashi, wai ya ƙoshi. Sauran suka bi shi. Don kada ya sake shan wannan kunyar, na riƙa zuba masa nasa a kwano daban, a ɗakina. Wallahi na zaci rufin asiri nake yi masa. A layi ba mai kiran sunansa, sai tubabbe. Wani Inyamuri mai shago ya ba shi aikin haɗa kantar jera kaya, 'yan kasuwa suka ce ko yaron ko cinikinsu, ya sallame shi yana ba shi haƙuri. Su kuwa na daji suna ta kiransa a waya, ɗan'uwa, ɗan'uwa. Wata safiya ya ce zai je sayo ƙusa. Na tarar da kwanon a wanke, a kife.

Kawunsa yana nan yana cika baki, wai dama ya faɗa. Mai shagon kan aiko a tambaye ni labari. Malamar ta dawo, na kasa haɗa ido da ita. Yaron kuwa, har yau shiru.

Abin da ke ƙona mini rai, hukuma ta gama nata, mu muka kasa matsa masa wuri a bakin tire. In naku ya dawo, ku zaunar da shi cikin mutane, wanda zai tashi ya tashi.