Amfilifayar Taubashina

Jiya mai gyaran wayar mota a Batsari ya cuce ni: ya gyara mini amfilifaya.

Motar ta taubashina ce, Allah ya jiƙansa. Ya girme ni nesa, amma ni ne masanin, don na yi aji uku a firamare. Duk ranar kasuwar Safana tare muke tafiya, sifiku na ƙugi, da mun kusa wata tsamiya sai amfilifayar ta yi ɗif. In ce batir ne, in ce fiyus ne. Shi kuwa sai ya tsaya a inuwa, ya ja kujerar da take ƙarƙashinta, ya cire hula yana yi mata fifita, warin roba mai zafi na tashi.

"Malam Boko, surutunka ne ya ishe ta," in ji shi. "Zauna ta huce."

Sai ya fasa goro ya miƙo mini ƙaramin ɓarin. A wannan shirun muke hirar da ba ma yi a gida.

Ashe buhun dusar da muke cusawa ƙarƙashin kujera ne ke toshe mata iska, waya ɗaya kuma ta yi tsatsa, in ji mai gyaran. Aka janye, aka kankare, shi ke nan.

Yau na iso tsamiyar, amfilifayar tana ta rera abinta, ko tari babu. Na tsaya, na kashe ta da hannuna, na fasa goro. Babban ɓarin ya rage a tafina.

Taubashi, Allah ya sanyaya makwancinka, ya sa da inuwa a inda ka tsaya.