Mai Daddawa da Yaƙin Masar

A kasuwar Kiru, gindin tsamiya, maza sun kewaye Malam Sabi'u tela yana karanta musu jarida. Yau gardamar a kan yaƙin Masar ce. Wannan ya ce Ingila ta yi zalunci, wancan ya ce ina ruwan talaka da rigimar Turawa.

Gefe guda ga wata tsohuwa mai daddawa, zanenta na saƙi duk ya koɗe. Ta karkato kunne, ƙuda na bin faifanta, mai saye na sallama ba ta ji. Can sai ta matso ta durƙusa.

"Malam, don Allah, Masar ɗin nan tana kan hanyar masu tafiya Makka a ƙasa?"

"Iya, wannan zancen manya ne," in ji wani. "Koma kan daddawarki."

Ta miƙe. Wataƙila ɗanta ne ya tafi Makka da sanda da gora, wataƙila mijinta. Ba wanda ya tambaya. Ta koma ta zauna tana kallon gabas. Maza suna ta rabon duniya da baki, ita kuwa mutum ɗaya take nema a cikin duniyar.