Uwaisu Mai Toka da Littafin Sunaye

A Batsari in ka ce Uwaisu kawai, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mai Toka, sai a nuna maka hanyar filin ƙwallo. Shekara ashirin da shida ke nan shi ke shata layin filin. Toka yake bi gida gida yana karɓa wajen matan unguwa, ya haɗa da ta gidan burodi, ya tankaɗe, ya zuba a tsohon gwangwanin madara da ya huda wa gindi, ya ja igiya ya bi ta a duƙe. Ba wanda ya taɓa ganin ya buga ƙwallo, amma layinsa ba ya karkata. Har alƙalan wasa na Safana, waɗanda bakinsu ke nauyi wajen yabon abin Batsari, sun yarda da wannan.

Gonarsa tana manne da filin ta gabas, 'yar madaidaiciya, wadda ƙwallo ke faɗawa ciki sau goma a yini. Yana da babba ta gado can yamma, bakin daji, amma damina huɗu ke nan ba a sa mata fartanya ba, tun da 'yan bindiga suka mai da hanyar tasu. Wannan ta gefen filin ita ke riƙe da gidan: shi, da matarsa Ramatu, da yara biyar, da ƙanwarsa da ta gudo daga ƙauye da nata uku.

A daminar shekarar da fetur ya yi tashin da masu babur suka koyi kashe inji a gangare, sai saƙo ya zo daga wani ɗan gari da Allah ya buɗa wa a Abuja. Yana so ya faɗaɗa filin, ya zagaye shi da katanga, ya gina wurin zama mai hawa hawa. Sharaɗinsa ɗaya: a nuna masa akwai magoya bayan da za su cika wurin. In babu, ya kai alherinsa wani gun.

Sakataren kwamitin kulob ɗin gari shi ne Malam Abdulgaffar, malamin lissafi da aiki ya kawo shi Batsari, mutum mai haƙuri wanda rigarsa ta fara yi masa yawa. Shi ya zo da sabon littafi da biro biyu ya iske Uwaisu yana tankaɗe.

"Baba Uwaisu, kwamiti ya ce kai za ka riƙe. Duk wanda ya zo ka tambaye shi ko yana so a faɗaɗa fili. In ya ce e, ka rubuta sunansa. Kai kaɗai ne ba za a ce ka yi ƙari ba."

Uwaisu ya karkaɗe hannu. "To Malam, in an tashi faɗaɗawar, ta ina za a bi?"

Malam ya dubi yamma, titi ne. Ya dubi arewa, makarantar firamare. Kudu kwazazzabo ne da ke cin ƙasa duk shekara. Gabas kuwa bai duba ba, sai ya hau gyaran hula.

"Za a ba ka musanya."

"A ina?"

"Inda ake da fili."

Su duka biyun sun san inda ake da fili a waɗannan shekarun, da dalilin da ya sa ake da shi.

Amma Uwaisu bai tsorata ba. Da Ramatu ta ɗaga hankali, cewa ya yi ta kwantar. "Masu kallon ƙwallon garin nan da muryarsu na san su. Ba su kai ɗari uku ba, har da masu zuwa don zagin alƙali kawai. Wa zai gina bene don mutum ɗari uku?"

Ya aro tebur daga makaranta ya kafa a gindin bedin da ke bakin fili. Ranar farko ya rubuta arba'in da biyu, duk 'yan gida, rabinsu ma gardamar wasan jiya ta kawo su.

Abin da bai lissafa ba shi ne abin da tebur da littafi da biro suka koma nufi a lokacin. Mutane sun ga an rubuta sunaye an raba taki, an rubuta an raba masara, an rubuta ba a raba kome ba amma an ji labarin wasu sun samu a ɓoye. Don haka da gari ya waye, kafin ya iso, layi ya miƙe daga gindin bedin har bakin titi. Mata da goyo, dattawa da sanda, da 'yan gudun hijirar da ke kwana a kangwaye da azuzuwan makaranta.

Ta farko a layin wata tsohuwa ce da ake kira Inno, wadda ta baro ƙauyensu da tabarma da tukunya ɗaya.

"Inno, wannan fa na ƙwallo ne."

"To Allah ya yi albarka. Rubuta."

"Kin taɓa kallon ƙwallo?"

"Ɗan nan, wancan karon ma cewa aka yi na masu ciwon ido ne. Na ce idona lafiya, na koma gida. Maƙwabciyata ta tsaya, ta dawo da tiya biyu. Rubuta, ka sa da na jikata."

Ya hau benci ya yi bayani da ƙarfi. Ya rantse babu shinkafa, babu taki, babu ko ashana. Mutane suka gyaɗa kai cikin tausayi. Wani dattijo ya ce wa na bayansa, yadda kowa zai ji, "Uwaisu ba ya ƙarya, hana shi faɗi aka yi. Dubi yadda yake zufa." Duk rantsuwa ɗaya sai layin ya ƙara tsawo. Tambayar kuwa ba a barin ya kai ƙarshenta. Yana cewa "Kana so a faɗa..." sai a ce "Ina so ƙwarai."

Ran kasuwa labari ya kai Safana. Mutanen da tun kakanni ba su taɓa fatan Batsari ta ci wasa ba, sai ga su cike da akori-kura suna neman a faɗaɗa mata fili. Kwana tara aka cika littafi huɗu. Da Uwaisu ya haɗa, sai ya ga dubu uku da ɗari bakwai da 'yan kai. Ya sake haɗawa, ko Allah zai sa ya yi kuskure. Bai yi ba.

Ramatu ta dubi littattafan a kan tabarma, ta dubi akuyarsu.

"Maigida, ka ajiye biyu a inda za ta kai. Ba wanda zai kama akuya da laifi."

"Amana ce, Ramatu."

"Geron nan ma amana ne. Baki goma sha ɗaya ke kallonsa."

Washegari Uwaisu ya ɗaure littattafan a bayan keke ya tafi gidan Malam Abdulgaffar. Suka gaisa, aka tambayi iyali da ruwa da gajiya, sannan ya zube masa labarin duka.

Malam ya daɗe yana murza goshi. "Baba, na yarda da kai. Ni ma matata ta aika an rubuta ta, ban sani ba sai jiya. Amma in na kai wa kwamiti wannan maganar, cewa za su yi gonarka kake karewa."

"Ita nake karewa mana. Amma kuma gaskiya ce."

"Matsalar ke nan."

Nan ne Uwaisu ya kawo dabarar da har yau in ya tuna sai ya girgiza kai. Ranar Asabar za a yi wasa da Safana, kuma Jabir, wakilin mai alherin, zai zo daga Abuja ya gani da idonsa. "A kira sunayen a bakin fili," in ji shi. "Wanda ya amsa, ɗan ƙwallo ne. Mai neman shinkafa me zai kawo shi kallon wasa?" Malam, duk da iliminsa na lissafi, ya ce wannan adalci ne. Aka sa mai shela ya zaga gari da lasifika yana cewa ran Asabar bayan la'asar za a kira sunayen duk wanda aka rubuta.

Da ɗayansu ya tambayi kowace mata a unguwa, da ta gaya musu. Ai rubutawa ce matakin farko, kiran suna na biyu, na uku kuwa kowa ya san shi.

Tun kafin azahar aka fara isowa. Kowa da buhu a naɗe a hammata, wasu da kwano, wata mata har da baro. Kafin la'asar babu sauran layin toka ko ɗaya, ƙafafu sun shafe su. Da fili ya cika, jama'a suka malala gabas, cikin geron da ya fara fitar da kai. Uwaisu yana tsaye yana jin karan suna karyewa, bai iya korar kowa ba, don duk wanda ya duba sai ya ga ya fi shi rama.

Jabir saurayi ne mai fara'a da farar shadda. Ya hau bayan akori-kura yana juya waya hagu da dama, bakinsa a buɗe.

"Baba, wallahi ko a Katsina ban taɓa ganin irin wannan ba!"

"Ɗana, duba hammatarsu. Buhuna ne. Rabo suka zo jira."

Jabir ya duba, ya yi dariya. "Buhunan zama ne, Baba. Ai babu kujeru. Ka ga dalilin da ya sa za mu gina."

Da ƙyar aka matsar da mutane 'yan wasa suka buga minti ashirin, ba wanda ya ci, ba kuma wanda ya kula. Daga nan Malam ya karɓi lasifika ya shiga kira. Kowane suna sai ka ji na'am daga wani lungu, mai shi ya matso ya warware buhu ya tsaya. Har aka kira magariba ba a gama littafi na biyu ba. Mutane suka fara naɗe buhunansu a hankali, ba zagi, ba jifa. Sun saba.

Inno ta biyo ta gindin bedi a hanyarta ta komawa.

"Babu, ko?"

"Babu, Inno."

"Haka na yi zato. Amma ka ga, da an raba ba na nan, da ban yafe wa kaina ba." Ta dubi geron da aka tattake. "Wannan na wane bawan Allah ne?"

"Nawa ne."

Ta ce, "Sannu," ta wuce.

Bayan sati biyu masu awo suka zo suka kafa turaku masu jan kai a cikin gonar. Aka ce ya girbe abin da ya rage, kada ya sake shuka. Ya sami dami goma sha shida a inda ya saba ɗaure talatin. Kwamiti ya yi masa godiya a taro, aka yi masa tafi, aka miƙa masa takardar musanya. Filin da aka rubuta a ciki yana kan hanyar yamma, bai fi tafiyar kwatan awa da gonarsa ta gado ba.

Da rani aka haƙa harsashi, aka jibge bulo a inda yake shuka wake, aikin yana tafiya yana tsayawa. Geron ya ƙare kafin azumi, aka koma awo da aikin ƙodago. Da ruwan shuka ya sauka, Ramatu ta fito tsakar gida da safe ta iske shi yana ɗaure sungumi da ƙunshin iri a jikin keke.

"Ina za ka?"

"Yamma. Mu bakwai ne, mun yi shawara. In hantsi ya ɗaga mu shiga, kafin azahar mu fito. Ɗaya zai hau bishiya yana duba mana hanya."

Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana dubansa. Sai ta shiga ɗaki ta cika masa gora da ruwa, ta ɗaure ta da kanta a bayan keken.

"Kafin azahar ka ce."

"In Allah ya yarda."

Ta raka shi har ƙofar zaure.